Baƙon da Muka Sa Ɗaukar Kujeru

Na yi shekara shida ina karatu a Misra, kuma abubuwa da yawa na wancan zamani sun riga sun ɓace mini: sunayen tituna, fuskokin wasu malamai, har lambar motar da nake shiga kullum. Amma akwai wata ranar Alhamis a unguwar Hayyin Ashir ta Alƙahira da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ranar ce na gayyato wani dattijo taronmu na ɗalibai da bakina, muka wulaƙanta shi ina tsaye ina kallo. Shekaru sun ja, amma ko yanzu da nake wannan rubutu sai da na ajiye alƙalami na sha ruwa.

Lokacin ina shekara ta uku, mu biyar muke zaune a wani gida a hawa na huɗu a unguwar Hay el-Sabi'. Ni dama ba mai magana ba ne. In abokan zama suka kafa musun ƙwallo a falo, ni ina ƙurya da littafi, har suka laƙaba mini Maktaba, wato ɗakin littattafai. Ina da wata ɗabi'a kuma: duk abin da na karanta ko na ji, sai na rubuta shi a ƙaramin littafi tare da inda na samo shi. Da in yi wa mutum tambaya ido da ido, gara in kwana uku ina neman amsar a takarda.

Wata rana hannun jakar littattafaina ya tsinke, wani abokin karatuna ɗan Nijar ya kwatanta mini wani shago a Giza inda ake ɗinkin jakunkuna da tantuna. Na hau jirgin ƙasa na metro, na sauka na shiga mikrobas, ƙaramar bas ta haya, na sami wurin a cikin wani lungu. Mai shagon dattijo ne gajere, siriri, rana ta ƙona masa fuska. Abin da na fara lura da shi hannunsa na dama ne. Yatsu uku ne kawai, amma yadda yake sarrafa basilla da su, mai yatsu biyar ma sai ya yi da gaske. Sai kuma hotunan da ke bango: wani mutum cikin kaya masu kauri kamar katifa, ko'ina fari fat, gajimare kuma yana ƙasa da ƙafafunsa. Na kalla na yi shiru. Na dawo karɓar jaka, na sake kalla na yi shiru. A zuwa na uku, jakar abokin zamana na ɗauko, wadda ba abin da ya same ta. Ya jujjuya ta, ya dube ni ta saman tabarau.

“Ya shekh,” ya ce, yadda Misrawa ke kiran mu ɗaliban addini, “wannan jakar ta fi ni lafiya. Zauna ka tambayi abin da ya kawo ka.”

Daga ranar na zama ɗan gida, ina ce masa Ammu, wato Baffa. Kusan duk Asabar ina can, yana ɗinki yana ba ni labari, ina rubutawa. Balaraben Sinai ne, a gindin Dutsen Musa aka haife shi. Sana'arsa ta farko ɗaukar wa masu yawon buɗe ido kaya zuwa saman dutsen, yau ya hau gobe ya hau. Wasu masu hawan manyan duwatsu suka lura ba ya haki, suka tafi da shi Kilimanjaro yana yi musu ɗawainiya, daga nan hanya ta buɗe masa har Himalaya. A can ya hau biyu daga cikin duwatsun nan da tsayinsu ya haura mita dubu takwas. Ya ce a irin wurin iska ba ta ƙosar da huhu, sai ka ja numfashi uku ko huɗu kafin ka ɗaga ƙafa sau ɗaya. Kuma ba a hawa kai tsaye. Makonni ake yi ana hawa ana saukowa, a kwana a zangon sama a dawo na ƙasa, har jini ya saba. Saukowa kuma ta fi hawa cin mutane, domin lokacin ƙarfi ya ƙare, murna kuma ta sa an saki jiki.

A saukowarsa ta ƙarshe ya rasa yatsun. Abokin tafiyarsa, wanda suke ɗaure a igiya ɗaya, bututun iskar da yake shaƙa ya daskare. Mutumin ya zauna a ƙanƙara ya ce a bar shi ya ɗan runtsa, alhali a can runtsawa ita ce mutuwa. Ba a iya gyara bututun da safar hannu mai kauri, sai Ammu ya cire tasa. 'Yan mintoci ne kawai. Ya sauko da mutumin da ransa, yatsu biyu kuma suka yi baƙi, aka yanke su a asibiti.

Ni da halina ban tsaya ga bakinsa ba. Na yi ta zirga-zirga kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiyya ina tono mujallu, na duba intanet, na gwada wannan da wancan. Ban kama shi da ƙari ko na kalma ɗaya ba, ragi ma na samu. Sai abin ya tsaya mini a rai: mutum irin wannan yana lungu yana ɗinki, mu kuma muna cikin gari ɗaya, wasunmu karatu ya yi musu nauyi har suna maganar haɗa kaya su koma gida. Na ce wannan shi ya kamata su saurara.

Ƙungiyarmu ta ɗalibai 'yan jiha ɗaya tana yin taro duk shekara bayan jarrabawa. Sai da na kwana biyu ina tattara ƙarfin hali kafin na tari Shugaba, wani ɗalibin digiri na biyu mai daɗin baki. Na same shi bakin masallaci yana danna waya. Na yi masa bayani ina in'ina, na ce sa'a ɗaya nake roƙo, ni zan yi tafinta. Bai ɗago ba ya ce, “Ba damuwa, Malam, za a san yadda za a yi.” Ni kuwa na ɗauki wannan a matsayin ya amince. Ban ce ya nuna mini jadawalin taron ba, ban ce a sa sunan baƙo a takarda ba. Kunya nake ji kada ya ga kamar ban yarda da shi ba. Ni da na bi diddigin rayuwar mutum har cikin mujallun da suka girme ni, na kasa yi wa ɗan'uwana tambaya ɗaya.

Da na kai wa Ammu gayyatar, bai yi saurin amsawa ba. Ya ce shi ba mutumin taro ba ne, kuma Alhamis ranar ciniki ce, dole ya rufe shago. Daga baya ya ce waɗanda suka baro iyayensu don neman ilimi suna da haƙƙi a kansa, zai zo. Sharaɗi ɗaya ya kafa.

“Sa'a ɗayan cikakkiya ce? Don ni ba na hawa da mutane in bar su a sama. In na fara labarin sai na sauko da su.”

Na ce masa cikakkiya ce, daga bayan la'asar, alkawari ne. Mako biyu na yi ina shiri. Na jera kalmomin da zai iya faɗa, na nemo yadda zan ce su da Hausa yadda ko ɗan shekarar farko zai gane, har a gaban madubi na yi gwaji.

Ranar taron, an kama wani ɗakin taro a hawa na uku a Hayyin Ashir, bene marar lif. Ina isa aka miƙa mini takarda aka ce in je in buga kwafin jadawali. A shagon buga takardun na fara karanta ta. Jawabai goma sha ɗaya na ƙirga: shugaban taro, uban taro, mai masaukin baƙi, wakilin tsofaffin ɗalibai, wakilin wakili. Babban baƙo kuwa wani ɗan siyasa ne daga gida da ya zo Alƙahira ganin likita, aka ji labari aka yi wuf da shi. Na karanta daga sama zuwa ƙasa sau biyu. Babu Ammu. A can ƙarshe dai an rubuta “sauran abubuwa”.

Na dawo da sauri. A kan matattakala na ci karo da wani yana hawa da tarin kujerun roba a bayansa, an ɗaure su tsaf da igiya, yana tafiya a hankali ba ya ko haki. Sai da ya juyo a kwanar bene na gane shi. Ammu ne. Daga sama kuma mai kula da walwala na ƙungiyarmu yana leƙowa yana tafa hannu yana cewa yalla ya ammu, a yi sauri, saura na ƙasa.

Ashe ya riga lokaci da rabin sa'a, cikin jallabiya toka-toka, da ƙatuwar jaka a kafaɗa. Suka ga Balarabe dattijo da jaka, suka yanke cewa ma'aikacin masu hayar kujeru ne, suka nuna masa tarin da ke ƙofa. Ya ajiye jakarsa a gindin bene, ya zaro igiyarsa. Wannan sawu na uku ke nan. Na tsaya cak a gabansa da takardu a hannu. Shi ya yi murmushi ya ce ma'alish, wato ba komai, ɗaukar kaya ai sana'arsa ce ta fari, in matsa masa ya wuce. Da na gaya wa mai walwalar ko wane ne, na ɗauka zai ruga ya ba da haƙuri. Sai ya ɗaga kafaɗa.

“To ai bai faɗa ba. Kai ma da ka san baƙo ne, da ka ce masa ya sa kwat.”

Wallahi har yau ban san wanne ya fi ƙona mini rai ba, kujerun ko wannan amsar.

An shimfiɗa wa teburin manya farin ƙyalle, an jera lemo da furannin roba. Kujeru tara ne a wurin, kowace da mai ita. Ammu ya zauna a sahun ƙarshe kusa da taga, jakarsa tsakanin ƙafafu, na zauna gefensa. Sau biyu ina lallaɓawa wurin Shugaba ina raɗa masa cewa baƙona ya iso, an yi masa alkawarin sa'a ɗaya. Ya dafa ni ya ce, Malam ka ga yanayin, za a duba. Na dawo na zauna kamar an ba ni amsa.

Babban baƙo bai iso ba sai da rana ta yi sanyi. Aka miƙe, aka yi kabbara, aka soma jawabai. Wanda ya san taronmu ya san yadda ake yi: duk wanda ya karɓi lasifika sai ya bi mutanen teburi ɗaya bayan ɗaya da muƙamansu da kirarinsu, sannan ya ce ba zai tsawaita ba, sannan ya tsawaita. Ammu ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya, amma yana zaune a miƙe, in an tafa ya tafa. Can ya sunkuyo ya tambaye ni me ake cewa. Na ce gaisuwa ce. Bayan wani jawabin ya sake tambaya, na sake cewa gaisuwa ce. Ya ce, “Har yanzu?” Ba da izgili ya faɗa ba, mamaki ne na gaskiya. Ina kallon hasken taga yana raguwa yana komawa ja, ina kallon sa'ata tana narkewa a bakin mutanen da ba su faɗi abin da za a tuna gobe ba. Aka ba babban baƙo lambar yabo ta gwarzon shekara, mutumin da sai a makon nan ya san da ƙungiyar.

Magariba ta gabato, ƙamshin shinkafa ya fara shigowa daga baranda, sannan mai gabatarwa ya duba takarda ya ce akwai wani Balarabe da ɗan'uwanmu Maktaba ya kawo, wai mai hawan dutse ne, za a ba shi minti biyar saboda lokaci. Na kasa fassara wa Ammu adadin, amma ya ga yatsu biyar da mai gabatarwar ya ɗaga. Ya miƙe, ya ɗauki jakarsa, muka fita gaba. Ya buɗe ta a ƙasa, domin ba a ba shi gefen teburi ba. Ya fito da wani ƙaton takalmi mai haƙoran ƙarfe a ƙasa, da gatarin sarar ƙanƙara. Ya yi sallama, ya fara da cewa shi ɗan dako ne daga Sinai. Ina fassarawa, na ga na sahun baya sun fara miƙo wuya.

Bai yi jimla biyar ba babban baƙo ya ɗaga hannu daga inda yake kishingiɗe.

“Kai yaro, tambaye shi mana, me yake samowa a can saman? Ko zinariya ake haƙowa?”

Teburi ya kwashe da dariya, sauran ɗaki suka bi. Wani daga gefensa ya ƙara da cewa a garinsu awaki ne ke wannan aikin, kuma ba a ba su lasifika. Dariya ta ƙaru. Ammu ya juyo gare ni yana jiran fassara. Ni kuma, don in rufa asiri, na ce masa suna yi masa barka ne da ƙoƙari. Ya dube ni ido cikin ido.

“Ya ibni,” ya ce, wato ɗana, “barka ba ta ba mutane dariya haka. Kai tafinta ne, faɗa mini abin da aka ce.”

Na faɗa masa, har da awakin. Ya gyaɗa kai a hankali. Fuskarsa ba ta sauya ba.

“Ce masa babu zinariya. Abin da na taɓa saukowa da shi mutum ɗaya ne da ya kusa mutuwa, yanzu yana da jikoki. Abin da na bari a can kuma, ga shi.”

Ya ɗaga hannunsa na dama. Na fassara kalma da kalma. Dariya ta ɗauke. Na rantse da a ce an bar shi a wannan lokacin, da babu wanda zai tuna da shinkafa. Amma mai gabatarwa ya ga fuskar babban baƙo ta ɗaure, ya yi maza ya matso ya ce khalas, ya isa, an gode, an gode, lokacin salla ya yi, kuma abinci na hucewa. Ammu bai yi musu ba. Ya durƙusa ya mayar da takalmin da gatarin cikin jaka, kowanne a mazauninsa, ya ja zif, ya yi sallama ga teburi da sauran jama'a, ya fita.

Lasifika tana hannuna, a kunne. Na so in faɗi duwatsun da ya hau, in faɗi shagon da ya rufe, in faɗi alkawarin da aka sa na karya. Abin da ya iya fitowa jimla ɗaya ce, ita ma da kyar.

“Shi ya hawo da kujerun da kuke zaune a kai.”

Wasu suka gyara zama. Shugaba ya taso yana dariya ya zare lasifikar daga hannuna, ya ce Malam Maktaba akwai barkwanci, a tashi a yi alwala.

Na sauka da gudu na tarar da Ammu a bakin titi yana jiran mikrobas, ana kiran salla. Na kai hannu zan riƙe masa jaka, ya ce in bari, ba nauyi. Na buɗe baki in ba da haƙuri, ya ce in koma kada jam'i ya wuce ni, shi zai yi a hanya. Mota ta zo ya shiga.

Abin da ya biyo baya ya ƙara tunzura ni. Washegari shugabannin suka kira ni, na tafi da zaton za a ce mu je Giza mu wanke laifi. Ashe ni ne mai laifin. Na kunyata ƙungiya a gaban babban mutum, na kawo baƙo ba tare da bin tsari ba, ban san girman manya ba. Shugaba har yana tambayata yaushe ya ce mini sa'a ɗaya, in kawo shaida. Ba ni da ita. A duk zaman nan babu wanda ya ambaci dattijon da ya hau bene sau uku da kaya a baya. Mu da muke kwana muna haddace babin girmama baƙo, muna cin jarrabawa a kai, da baƙon ya zo ba mu gane shi ba saboda bai zo da rakiya ba.

Bayan mako guda na je shagon. Ya karɓe ni kamar kullum, ya aika aka kawo shayi. Na ba da haƙuri, na ce zan shirya wani zaman, ƙarami, na waɗanda suke son ji da gaske. Ya ci gaba da ɗinki har na ɗauka bai ji ba. Sannan ya ce a'a, ya riga ya yafe, amma ba zai sake zuwa ba. Ni in ci gaba da zuwa, ƙofa a buɗe take.

“A kan dutse,” ya ce, “ko ɗan'uwanka uwa ɗaya uba ɗaya ne ya ƙulla igiya, sai ka ja ƙullin da hannunka kafin ka rataya wani a kai. Ba rashin yarda ba ne, kuma ba a jin kunyar haka. Kai ba ka ja naka ba, ka rataye ni.”

Gaskiya ya faɗa. 'Yan'uwana ba su taɓa jin labarin saukowar nan ba, kuma ba za su ji daga bakinsa ba. Ina jin haushin Shugaba da mutanen teburi har gobe, ban kuma ga dalilin da zai sa in daina ba. Amma ni na kai mutumin wurin. Tun daga ranar na koyi cewa “za a san yadda za a yi” ba alkawari ba ne, kuma ban sake gayyatar kowa inda ba ni da ikon tsare masa mutunci ba. Na kuma gane cewa kunyar da za ta hana ka tambaya har a ci zarafin baƙonka a gabanka ba kunya ba ce, tsoro ne.